Hancin Dillalin Kananzir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shayar da surukina fura ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, daga baya kuma in yi hamdala.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Katsina ba, kananzir kuwa sabon abu ne. Daga Funtuwa ake ɗauko shi a kan jakuna, cikin garwa, mu kuma mu auna wa mutane a kwalba. Ni ne babban dillalinsa a Dutsin-Ma (mu biyu ne kacal, ɗayan kuma da ruwa ya sauka sai ya koma gona).

Wata shekara manyan sana'ar suka ce za a yi babban taro na dillalan kananzir da man mota na ƙasar Katsina duka. Za a daidaita awo, a ja kunnen masu surki, a kuma zaɓi wanda zai riƙa magana da kamfanin Turawa a madadin kowa. Aka ce har wakilin hakimi da Baturen kamfani za su leƙo. Saura wurin taro: Dutsin-Ma ko Kurfi. Ni kuwa na riga na cika baki a kasuwa cewa in taron nan ya tafi Kurfi, a daina kirana ɗan garin nan. Tanko, dillalin Kurfi, wanda tun muna tallan goro ba ma shan inuwa ɗaya, shi ma ya cika nasa bakin.

Madugu Isiyaku, dattijon da ke shugabantarmu, ya ce shi da 'yan shirin taro za su ziyarci garuruwan biyu su ga wanda zai iya ɗaukar baƙi. Suka fara da Kurfi. Tanko ya yanka musu rago.

Ni ba ni da rago, amma ina da dabara, ko abin da na ɗauka dabara ce. Na ce taron masu kananzir ai ba taron ƙwarya da tukunya ba ne, zamani ya zo. Na zaɓo garewanin da babu komai a ciki, na yanke musu baki, na sa aka dirje su da toka da yashi har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Na aika ruga wajen Zobe aka kawo kindirmo mai kauri. Nufina a dama fura a cikinsu, a jera su a gaban baƙi suna walƙiya, kowa ya san gidan ɗan kasuwa ya zo.

Mai ɗakina Indo ta ɗauki garwa ɗaya ta kai hanci, ta dire ta da sauri.

"Malam, wagga aba wari takai."

Na sunsuna. Ban ji komai ba. Na sake zura kai har kunne, na ji ƙamshin toka kawai. Indo kuwa tana da juna biyu a lokacin, ko ruwan rijiya wari yake mata, har ni kaina ta ce in riƙa zama nesa. Saboda haka na yi mata murmushin masu ilimi na ce, "Cikin nan ne, Indo. Dama kawai." Ta dube ni, ta dubi garwa, ta ce to.

Don ziyarar ta yi kwarjini, na gayyato mahaifinta, Malam Babba na Barkiya, ya buɗe mana da addu'a. Mutum ne da bai taɓa kunna fitilar ƙwai ba, da hasken kara da man gyaɗa ya yi karatunsa duka. Tsakanina da shi kuwa akwai kunya irin ta da: ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa, in na hango jakinsa sai in sake hanya.

Ranar da su Madugu suka iso Dutsin-Ma, bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidana. Malam ya yi addu'a, ya ce a fara sha, shi zai ƙarasa lazimi. Aka jero garewani. Wallahi sun yi kyau! Madugu ya sha ya gyaɗa kai. Sauran suka sha suna santi. Tanko, da ya biyo su daga Kurfi, ya karɓa fuska a murtuke, da niyyar neman aibu, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya miƙo a ƙara masa, ya kuma miƙowa.

Madugu ya ce, "Tanko, tsakani da Allah, ya ka ji ta?"

Ya goge gemu ya ce, "Tunda ka haɗa ni da Allah, ban taɓa shan hura irin wagga ba."

Nan kaina ya kumbura. Na manta da kunya, na manta da ko ni wane ne. Na ciko ƙoƙo da hannuna, na ratsa mutane, na durƙusa gaban Malam, na ɗaga murya don kowa ya ji: "Allah gafarta Malam, a sa mata albarka. Furar zamani ce."

Ya yi bisimilla ya kurɓa.

Bai haɗiye ba. Kumatunsa suka tsaya a cike, idanunsa suka kawo ruwa. Ya dubi dama, baƙi. Ya dubi hagu, baƙi. Babu inda dattijo zai tofar. Sai ya runtse ido ya haɗiye, na ga tafiyarta a maƙogwaronsa. Daidai nan wani dillali ya zaro ashana zai kunna lofe, Malam ya ɗaga hannu da sauri.

"Bawan Allah, dakata da ashanar nan har in tashi."

Madugu ya ce, "Lafiya, Malam?"

"Lahiya lau. Sai dai in kun sa mini lagwani a baki, zan haska muku har asuba."

Madugu ya ɗauki ƙoƙo ya sunsuna, ya miƙa wa na kusa, shi ma ya sunsuna, ya zaga kowa. Babu wanda ya ji komai. Har na fara fatan ko tsufa ne ya taɓa harshen Malam (Allah ya yafe mini), sai ga wani mahauci ya zo wucewa da tirensa. Tun daga nesa ya toshe hanci ya ce, "Subhanallahi, wa ya yi asarar kananzir haka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina durƙushe, ba damar tashi, ba damar zama. Ta bayan zana kuma na ji wata dariya da ake dannewa da gyale, na kuwa san mai ita.

Tanko ya gyara zama ya yi gyaran murya. "To, Madugu, ka dai gani. In da a Kurhi ne..."

"Kai, rufa mana baki!" in ji Madugu. "Wa ya sha ya nemi ƙari? Wa ya rantse yanzun nan?"

Tanko ya buɗe baki zai kare kansa, sai gyatsa ta riga magana fitowa, Malam ya ja tabarmarsa baya. Shi ke nan, wuri ya ɓarke. Madugu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, yana cewa ashe duk hancinmu ya mutu ba mu sani ba, shekara da shekaru muna auna abu ɗaya. Da ya nutsu sai ya ce, "Ku gode Allah yau ce. Da ranar taro ce, wakilin hakimi ya kurɓi wannan, da wane ido za mu dubi gari?" Sai a lokacin na gane girman abin, don ni na san wa zai fara miƙa wa wakilin hakimi ƙoƙo.

Aka bar taro a Dutsin-Ma, bisa sharaɗi: abinci a tukunyar ƙasa, kuma ba a fito da komai sai wanda ba ɗan sana'a ba ya sunsuna. Babu wanda ya kwanta ciwo, in ban da gyatsar da muka kwana muna yi. Taro ya zo ya wuce lafiya, garewanina kuwa Indo ta shuka albasa a ciki.

Amma a ranar, da na raka Malam wurin jakinsa kaina a ƙasa, sai da ya hau sannan ya yi magana, bai ko dube ni ba.

"Yarinyar ba ta gaya maka ba?"

Na ce, "Ta faɗa, Malam."

Ya ce, "To." Ya kaɗa jakinsa.

Da bulala ya tsula mini da ta fi sauƙi. Tun daga ranar na daina yarda da hancina a kan abin da nake sayarwa. Kuma in Indo ta ce abu na wari, ko turare ne a hannuna, ajiyewa nake in je in wanko hannu.