Taku Sittin a Zobba Tara

"...lafiya lau na kwana, tunda ba a bakina kika yi aiki ba. Shigo ki rufe ƙofa, kina shigo mini da sanyi."

Haka Tsoho Meng ya amsa gaisuwar jikarsa Peishan, ni kuma ina tsaye da kwanon awara mai zafi a hannu. Maƙwabciyarsu ce ni. Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da su a lungunmu na Yangzhou, kuma tun da matarsa Guifen ta rasu nake kai masa kwano ɗaya kowace safiya, ya ci ko kada ya ci, ruwansa. Ranar ta cika kwana arba'in da tara da rasuwa. Ƙarfe goma mota za ta zo a kai akwatin tokar gawarta kabari a rufe.

Mutumin nan ba abin da yake so a duniya kamar ƙarafan warwara: ƙusoshi a murɗe, zobe cikin sarƙa, abubuwan da aka sarƙe da gangan don mai haƙuri ya raba su ba da ƙarfi ba. Ƙararsu ta hana ni barcin rana shekara da shekaru, na yi mita har na gaji. Amma wanda ke kan tebur ran nan na Guifen ne. Zobba tara na tagulla, kowanne da sandarsa, an zura musu wani dogon ƙarfe lanƙwasasshe. Kafin dogon ƙarfen ya fita sai an yi taku ɗari uku da arba'in da ɗaya, a sauke wannan zobe, a ɗora wancan. Meng ne ya ba ta tun suna sabon aure. Shekara hamsin da biyu tana fama, yana yi mata tsiya, ba ta kuma taɓa yarda ya sa mata hannu ba. Da abin ta tafi asibiti, a gefen matashinta aka same shi, an fara ba a gama ba.

Yana son a sa mata shi a kabari. Bai yarda ta tafi da aiki rabi ba, bai kuma iya taɓa abin da ta hana shi taɓawa ba. Kwana arba'in da tara ke nan yana kallonsa.

Peishan likitar haƙori ce, shekararta ashirin da tara, kuma tun tana rarrafe take faɗa da kakan nan nata. Ta sauke jaka.

"Kaka, ga saƙonka. Turaren tsinke, lemo, takardun da ake ƙona wa mamaci. Ga kuma tsarabarka."

Ta ajiye filaya sabuwa fil kusa da kwanon awara. Ya dube ta kamar an ajiye masa mataccen ɓera.

"Mene ne wannan?"

"Magani. Minti ɗaya in datse maka zobban, kowa ya huta."

"Fitar mini da ita daga gida. Tun ranar da uwarki ta ce kin shiga karatun haƙori na san mun yi asara. Duk abin da ya ƙi fita a danne mutum a fizge. Wannan ba sana'a ba ce, fashi ne da farar riga."

"Fashin ne ya sa kake tauna gyaɗa yau. Haƙoran da ke bakinka ai nawa ne, aro na ba ka."

"Sun yi mini girma. Da bakin doki kika auna."

"Bakin da na tarar shi na auna."

"Ja'ira. Ranar da aka haife ki ina ƙofar ɗakin haihuwa, sau uku na warware zobba tara kafin ki ga damar fitowa. Da aka miƙo mini ke na ce a mayar, ba a haɗa wannan daidai ba."

"Kuma ka riƙe ni har yamma ka hana kowa. Uwata ta gaya mini."

"Duba inda aka yi kuskuren nake yi."

"To ka faɗi gaskiya kawai, tsoho. Ka manta yadda ake yi. Ba abin kunya ba ne, a shekarunka akwai waɗanda ke sa takalmi a tukunya."

"Ni na manta? Ni da na warware zobba tara a kan keke, da hannu ɗaya, ana ruwan sama?"

"Bara cewa ka yi a cikin kwalekwale ne."

"Keken yana cikin kwalekwalen."

Da a da ne, nan Guifen za ta leƙo daga kicin ta ce su biyun su fita su ba ta wuri. Dukanmu muka ɗan saurara, ba wanda ya leƙo. Hotonta ne kawai a kan teburin turare, da bakin nan nata a tsuke kamar tana riƙe da magana. Tausayinsu ya kama ni. Tsiya suke yi wa juna kamar kullum, amma ba wanda ya yi ko murmushi.

Peishan ta jera lemo a faranti, ta yi magana ba ta ɗago ba.

"A sa mata shi yadda ta bar shi mana. Wa zai duba?"

"Uwarta za ta duba. Matar nan tana can lahira shekara arba'in tana jira ta ga abin da 'yarta ta koya a gidana. Ta tarar da wannan? Ta ce ga abin da auren Meng ya jawo?"

"Ai tun tana raye take faɗin haka."

"Shi ya sa ba zan ƙara mata hujja ba."

Ya dubi agogon bango. Tara da rabi. Ya tashi ya wanke hannu, ya goge, ya kunna turare uku ya tsaya gaban hoton ya sunkuya. Sannan ya ɗauki zobban da hannu biyu.

"Guifen, ki yi haƙuri, zan sa hannu. Na san kin hana. Taku sittin kika yi, na ƙirga da ido tun ranar farko. Zoben ƙarshe ko girgiza bai yi ba. Shekara hamsin da biyu, taku sittin. Kunkuru ma da ya isa Nanjing ya dawo." Ya yi gyaran murya. "Sauran ɗari biyu da tamanin da ɗaya ni zan yi miki. In kin ga dama ki zo mini a mafarki ki zage ni."

Ya ɗora babban yatsa a kan zoben farko.

"Kaka, ajiye."

"Ke, ba yanzu ba."

"Na ce ajiye. Wa ya gaya maka taku sittin ne?"

"Idona. Wanda ba ke kika sa mini ba."

"Idonka ya nuna maka inda ta tsaya. Ya nuna maka inda ta dosa?"

Yatsan ya tsaya cak. Ni mai awara ce, amma wanda ya sha ƙarar nan ta bango shekara talatin ya san wannan: hanyar zobba tara guda ɗaya ce. Mai warwarewa da mai mayarwa wuri ɗaya suke bi, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. In aka ajiye a tsakiya, duk ƙwarewarka ba ka iya cewa ga inda mai shi ya nufa. Meng ya fi kowa sani, shi yake koya wa mutane. Sai dai a kan matarsa ko sau ɗaya bai yi wa kansa tambayar ba.

"Ina za ta dosa? Matar da ba ta taɓa..."

"Ta warware shi, Kaka."

"Ƙarya kike."

"Ranar Laraba, kwana uku kafin ta rasu. Ka tafi gida ɗauko kunun shinkafa, ka ce na asibiti ruwan wanki ne. Ina zaune a bakin gado. Ba ta yi awa ɗaya ba dogon ƙarfen ya fito a hannunta."

"Ke kika yi mata."

"Ni? Da na miƙa hannu sai da ta make ni."

"To filaya kuka sa. Sana'arki ce."

"Duba zobban. In ka ga ƙwarzane ɗaya na yarda ka cire mini haƙori da kanka."

Ya kai su kusa da taga ya juya, ya sake juyawa, ya daɗe. Da ya dawo murya ƙasa ƙasa ya yi magana.

"Da ya fito, me ta yi?"

"Ta sosa bayanta da shi. Ta ce shekara hamsin da biyu, ashe wannan ne kaɗai amfaninsa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohon, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya zauna. Wannan maganar Guifen ce, ba mai iya ƙirƙira mata ita.

"Me ya sa ba ta jira ni ba? Minti nawa ne daga nan zuwa asibiti? Da na gani da idona."

"Jiranka ne ba ta so. Nan take ta fara mayarwa, tana cewa in leƙa taga kada ka shigo. Ranar ta yi abin da ta iya, washegari ta ƙara, duk lokacin da ka fita. Saura sittin ƙarfinta ya ƙare."

"Don me?"

"Na tambaye ta. Ta ce tun da likita ya yi magana da kai a waje ka koma yi mata ladabi. Kana gyara mata matashi, kana ce mata sannu. Ta ce ba ta san wannan mutumin ba, tsoro yake ba ta. Sai in ta ɗauki zobban ne kake mantawa da ladabin, ka ce mata mai kan kabewa. Ta ce in ka san ta iya, shi ke nan, ba sauran mai zaginta, sai ta mutu cikin baƙi."

Tokar turare ta karye ta faɗi a faranti. Na yi kuka, ban ɓoye ba, kuma na ji haushin Guifen da ba ta gaya mini ba, ni da muke tsintar wake tare.

"Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa ba," in ji Peishan. "Kwana arba'in da tara ina neman yadda zan hana ka ba tare da na karya ba. Har filaya na saya, ko ka yi fushi ka rantse ba mai taɓa shi. Amma ba zan zauna ina kallo ka warware mata abin da ta sha wuya ta ɗaura ba."

"Wato ku biyu kuka haɗa mini kai. Tsohuwa da ɓarauniyar haƙori."

"Ba wuya. Kai ne ba ka duban komai sai ƙarfe."

"Ɗari uku da arba'in da ɗaya," ya ce, ba da ita yake ba. "Ta juyo ta yi ɗari biyu da tamanin da ɗaya. Da allurar ruwa a hannu." Ya girgiza kai. "Ni kuwa ina tsaye a kanta ina cewa ta ba ni kunya."

"Tana jin daɗi. Kana juya baya take ƙifta mini ido."

Sai ya yi dariya, ta gaske, gajeriya, ya share fuska da tafin hannu. Daga bakin lungu muka ji mota ta tsaya.

"Kin ci ni, 'yar nan. Ungo." Ya miƙa mata zobban. "Aikin da ta bari mayarwa ne, kuma ba da ni aka ƙulla ba. Ke kika yi mata gadin taga, ke za ki ƙarasa. Taku sittin. Ko hannun mai fizgar haƙori zai iya."

"Kai fa?"

"Ni ban ji komai ba. Kunnuwan nan sun tsufa, ke ma kin faɗa."

Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya ba ta baya. Tagulla ta fara ƙara a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, ƙirgawa yake yi. Can ya ce da bangon, "Wani ya koma baya taku biyu." Peishan ta ja hanci ta gyara.

Da ƙarar ta tsaya, zobba tara duk suna kan dogon ƙarfen kamar ranar da aka saye su. Ta naɗe su a farin ƙyalle ta ɗora a kan akwatin tokar. Tsoho Meng ya tashi ya sa baƙar rigarsa, ya ɗauki akwatin ya rungume a ƙirji, ya sunkuyar da kai kusa da murfin.

"Tashi mu je, mai kan kabewa," ya ce. "Shekara hamsin da biyu, ko zobe ɗaya ba ki sauke ba."