Layin Gado

Wani direba ne ya yi wata bakwai ba aiki, har matarsa ta sa masa suna mai gadin tabarma. Rannan Allah ya dube shi, ya je gwaji a wani kamfanin dakon kaya, ya ja babbar mota gaba da baya bai taka ko kaza ba. Suka ce ya bar lambarsa, za a neme shi kafin ƙarshen mako. In ba a same shi ba, sai a ɗauki na bayansa.

To, tsiyar tana wajen layin wayarsa. Na wani tsohon kamfanin waya ne na yankin, wanda ya fara tun zamanin tarho mai igiya. Da shi babansa ya yi amfani, shi ma ya gada. Duk unguwar an watse an bar kamfanin, gogan naka kaɗai ya rage, yana kurin shi ba butulu ba ne. A gidansa kuwa wuri ɗaya tal layin ke kamawa: saman tankin ruwa, shi ma sai ka karkata hagu.

Matar ta ce, "Maigida, ka koma ka ba su lambata mana."

"Ke dai bari. Kamfani ne mai tarihi. Yanzu zan je su gyara."

Ya isa ofishinsu. Bango cike da hotuna, ga ranar da aka kafa ƙarfen sabis na farko, ga masu kamfani suna yanka ƙyalle suna washe baki. Ya karanto wa ma'aikacin kan tebur damuwarsa.

"Malam, ba ma karɓar ƙorafi baki da baki. Mun ci gaba. Sai ka kira sashen kula da abokan hulɗa."

"Ai kiran ne ba ya shiga!"

"To in ya shiga sai ka gaya musu."

"Ina sashen yake?"

Ma'aikacin ya nuna masa tebur na gaba da bakin biro. Wata mata ce zaune, da abin sauraro a kunne, tana yankan farce.

"Hajiya, ai ga ni ga ki."

"Ka kira ni," in ji ta. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya danna lambar a gabanta. Babu sabis a cikin ofishin. Haka ya koma gida ya haye tanki da rana tsaka, ya karkata hagu. Da kiran ya shiga, wata murya mai zaƙi ta ɗauko masa tarihin kamfani tun daga tushe: wanda ya kafa shi, yadda aka ja igiya ƙauye ƙauye, yawan lambobin yabon da suka ci. Ta gama ta sake ɗaukowa. Sau tara ya ji, ƙarfen tanki na gasa masa mazaunai, maƙwabta na leƙe ta katanga. Can sai Hajiya ta ɗaga.

"Me ke damun layin?"

"Kira ba ya shiga!"

"To ga shi ya shiga. An warware matsalarka, mun gode da zaɓenmu." Ƙit, ta kashe.

Ranar Asabar ya sake hawa, sai ga saƙo ya faɗo, ya kwana uku a hanya: ya zo Alhamis ƙarfe takwas ya karɓi mota. Ya diro ko takalmi bai tsaya sawa ba. Yana isa ya tarar da na bayansa a kan sitiyari, har ya rataya turare a madubi.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya wuce ofishin waya kai tsaye, ya banka ƙofar manaja.

"Shekara ashirin ina tare da ku, ubana ma haka! Yau kun raba ni da abincina!"

Manaja ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa.

"Yi haƙuri, malam. Irinku ne ƙashin bayan kamfanin nan. Direba ka ce? Ai mu ma direba muke nema. Rubuta lambarka, gobe zan kira ka da kaina."

Nan take fushi ya tafi. Ya rubuta, yana ta zuba godiya. Manaja ya karɓi takardar, ya duba, ya yamutsa fuska.

"Haba malam, wannan ai layinmu ne. Ba ka da wani layin da ake samunka a kai?"