Muryar da Aka Ji a Ɗakin Takabata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi muryar namiji a gaban dangin mijina ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya ɗauke mini ita daga zuciya. Ina cikin takaba a lokacin, kwana hamsin da rasuwarsa. Yau shekara uku ke nan, amma har gobe in na tuna sai in rufe fuska.

Bari in fara da littafin, don shi ya ja mini.

Ni 'yar Safana ce, aure ya kawo ni Wagini. Karatuna bai yi nisa ba, na gama firamare, na ɗan taɓa sakandare, na tsaya nan. Abin da na tsira da shi kawai shi ne ina karanta Hausar boko ba gargada. Maigidana kuwa (Allah Ya jiƙansa, har yau bakina bai iya kama sunansa) allo ya yi. In ka ba shi ajami zai karanta, boko kuwa sai dai ya juya takardar ya miƙo maka. Manomi ne, gero da wake, mutum mai kunya, ba ya doguwar magana a cikin maza. Ba wanda zai dube shi ya ce wannan yana son labarin soyayya.

Da littattafai biyu na zo gidan, a ƙasan akwati. Wata rana ya iske ni ina dariya ni kaɗai, ya ce, "Mi ke ba ki dariya cikin takarda?" Na karanta masa shafi ɗaya. Ya ce, "Shirme," ya fita. Washegari yana cikin cin tuwo, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ita yarinyar nan ta jiya, ta samu ta tsallake rafin?"

Shi ke nan. Daga nan duk ranar kasuwar Batsari in ya sayar da wake, sai ya ratsa wurin mai shimfiɗa littattafai a kan leda, ya ce ƙanwarsa ce ta aiko shi, ya zaɓa da hoton bango, ya cusa a ƙasan buhu. Ba ya son na masu motoci da gidajen bene. Ya fi son na dawaki masu fiffike da biranen ƙarƙashin ruwa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Waɗancan ƙarya ce mai sa mutum jin haushin talaucinsa. Wannan kau kowa ya san ƙarya ce, sai ka miƙe ƙafa ka huta."

Lokacinmu tsakanin azahar da la'asar ne. Zai dawo daga gona, ya cire takalman robarsa a bakin ƙofa, ya kwanta bisa tabarma, ya rufe fuska da hula. Ni kuma in karanta, ina canza murya, ta yarinya daban, ta tsohuwa daban. In na zo wurin yarima sai ya ɗage hular ya ce, "A'a, ba haka ɗan sarki ke magana ba. Saurara." Sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya maimaita maganar a hankali, yana jan ƙarshenta. In gwada, ya gyara mini, har sai ya ce, "Yauwa." Doka ɗaya ya kafa: kada in wuce shi. Shi da kansa yake sa tsinken tsintsiya inda muka tsaya. Yakan ce, "In kika leƙa gaba ba ni nan, ban yafe ba." Da wasa yake faɗa. Ni ma da wasa na ce na yi alkawari.

Muna tsakiyar wani littafi ne, labarin 'yar mai ginin tukwane da wani yarima da mayya ta mayar da shi dutse, yana iya magana daga cikin dutsen amma ba ya iya motsi, ita kuma tana yawon duniya neman makari. Ranar wata Talata da kaka ya tafi roron wake, aka dawo da gawarsa bisa amalanke. Ba zan faɗi fiye da haka ba. Mutanen ƙasar Batsari sun san sauran.

Kwana arba'in na farko akwai mutane, ana shiga ana fita. Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Yarana biyu, Hafsatu da Umaru, suna tafiya makaranta, ni kuma ba fita, ba kwalliya, ba abin yi sai kallon bango. An yi ta gargaɗina da dare, amma ni ba dare ne ya fi ci mini rai ba. Tsakanin azahar da la'asar ne. Da an idar da salla sai in ji kunnena yana jiran ƙarar takalmi a bakin ƙofa.

Rannan na ɗauko littafin. Na so in karanta a zuci, sai na ga tsinken, na tuna "ban yafe ba". Na sani sarai mamaci ba ya jin labarin doki mai fiffike, ba sai malami ya gaya mini ba. Duk da haka na shimfiɗa tabarmarsa. Na ciro takalmansa da na ɓoye ranar da aka tattara kayansa, na ajiye su a bakin ƙofa inda yake cire su, na saki labule, na fara karantawa a bayyane. (Kada ku tambaye ni hankalin da ke cikin wannan. Na nema ni ma ban samu ba.) Kwana tara ina haka, shafi biyu kawai a rana, don kada ya ƙare da wuri.

A rana ta goma Yaya Hajara ta zo daga Darini. Ita ce yayar maigidana, ita ta goya shi yana jariri. Ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Ta zo duba Inna ne, mahaifiyarsu, ta kuma damo mini fura da hannunta. Tana isowa ƙofata ta ga takalman namiji, ta ji muryar namiji a ɗakin mai takaba. Ta dire kwanon, ta kwashe takalman don kada mai su ya samu na gudu, ta ruga tana salati.

Ni ban san abin da ake ciki ba. Sai dai na ji sallama mai kaifi, muryar Yaya Malam, babban wansu, wanda gidan ke hannunsa. Kafin in amsa an yaye labule. Matan gidan duk sun taru, maƙwabta sun ɗora haɓa bisa katanga.

"Ke, wa ke cikin ɗakin nan?" in ji Yaya Hajara.

"Ni ɗai ce, Yaya."

"Ke ɗai? Da kunnena na ji ƙato yana ce maki hasken idonsa!"

Ta shigo ta leƙa ƙarƙashin gado, ta janye akwati, har babbar tukunyar biki sai da ta buɗe. Ta dubi tagar ɗakin, wadda ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta fita. Ta juyo ta ce, "Ƙanena ko wata biyu bai yi cikin ƙasa ba. Wallahi in ta tabbata, ranar da kika fita takaba Safana za ki kwana. Ɗiyansa kau ba inda za su, ba za a rene su a ɗakin da ake wannan ba."

A nan ne tsoro ya shige ni. Kunyar ba ta kai tsoron ba. A zuci na hango Hafsatu da Umaru a tsakar gidan nan ba ni.

Yaya Malam ya karɓi takalman daga hannunta, ya juya su, ya tsaya a kan wani wuri da aka ɗinke da waya. Ya ce, "Hajara, waɗannan ai na marigayi ne. Ni na saya mashi su."

Ta sake duban su, ta ce, "Takalmi na yarda. Muryar fa? Takalmi ke magana?"

Ba yadda na iya. Na zaro littafin daga cikin zane na ce karatu nake. Wata ta ce, "Karatun mi? Addu'o'i?" Na girgiza kai. Suka ga bangon, wata yarinya mai manyan idanu ta rungume dutse, doki mai fiffike a bayanta. Na ji an ce, "Ikon Allah, a takaba?"

Yaya Malam yana tsaye a waje, kansa a ƙasa, ya ce in karanta inda na tsaya. Na karanta da muryata, can ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon gishiri.

"Ba ita ba ce," in ji Yaya Hajara. "Wadda na ji mai kauri ce. Kada ki raina mani hankali, yarinya."

Yaya Malam ya ce, "Yi yadda kika yi, ki wanke kanki."

To ku dube ni. Mace mai 'ya'ya biyu, cikin koɗaɗɗen zanen takaba, ido ba kwalli, tsaye gaban wan mijin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na yi gyaran murya sau biyu, na saukar da ita cikin ƙirji, na ce, "Hasken idona, kada ki gaji da jirana. Jikina ne ya zama dutse, zuciyata tana nan tana kiran sunanki."

Daga kan katanga dariyar ta fara. Kafin in rufe baki ta cika gidan. Wata ta zauna bisa turmi tana riƙe ciki, wata tana cewa, "Wayyo, hasken idona!" Ita kanta Yaya Hajara sai da ta toshe baki da mayafi. Na tsaya da littafi a hannu ina fatan ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, ba ta taɓa yi wa kowa wannan alfarmar ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna, wadda idonta ya riga ya tafi, ta lallaɓo da bango har ƙofata ba wanda ya lura. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ku yi shiru." Aka yi. Ta ce, "Salisu ne."

Yaya Hajara ta ce, "Inna, matarsa ce, karatu take."

"Na san ita ce. Na ce muryar Salisu ce. Haka yake gyaran murya tun yana ƙarami in zai roƙi abu." Ta juyo da fuska wajena ta ce, "Ɗiyata, sake."

Wallahi har wannan lokacin ban sani ba. Ni a zatona muryar yarima nake yi. Shekara da shekaru yana gyara mini, ina bi, ashe tasa nake kwashewa kaɗan-kaɗan.

Na sake. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Yaya Malam ya sunkuya ya mayar da takalman bakin ƙofa, ya daidaita su yadda aka same su, ya fita. Yaya Hajara ta je ta ɗauko furar, ta miƙo mini tana share hanci, ta ce, "Sha, ta yi tsami ma."

Ba a ƙara maganar Safana ba. Yarana suna hannuna, na gode wa Allah. Amma labari ya fi ni ƙafa, kafin in fita takaba ya kai Darini ya kai Yasore. Har yau in na shiga gidan biki sai in ji ana raɗa, "Ga Yarima nan." Wata malama ta zo har ɗaki ta yi mini nasiha cewa tasbihi ya fi dacewa da mai takaba. Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba.

Inna kuwa kullum bayan azahar sai ta lallaɓo ta zauna bisa tabarmarsa. Labarin bai dame ta ba. Da na fara wurin yarinyar sai ta ce, "Wuce wannan, kai ni inda yake magana." Don haka muka daina yin gaba, shafukan baya nake ta maimaita mata, ita tana zaune ido a rufe, leɓenta yana motsi. Ban san ko alheri na yi mata ba ko akasinsa. Da daminar da ta biyo baya ita ma ta rasu.

Bayan rasuwarta na gwada sau ɗaya, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Na yi gyaran murya sau biyu, abin da ya fito muryar mace ce mai mura. Na sake gwadawa, haka. Ban san ranar da ta tafi ba. Abin da aka yi mini dariya a kansa, wanda na so ƙasa ta haɗiye ni saboda shi, yau da za a tara mini Wagini kaf bisa katanga su yi ta dariya, in dai zai fito sau ɗaya, da na yarda.

Shafi bakwai suka rage a littafin. Na san yariman zai fito daga dutse, a irin waɗannan littattafan ba wanda ake jira ya ƙi dawowa, don haka ma muke sayensu. Tsinken yana nan inda yake.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ki karanta irin wannan littafi, ki karanta a zuci kamar yadda masu ilimi suke yi, kuma kada ki bar takalmi a bakin ƙofa. In kuma wani ya sa ki alkawarin ba za ki wuce shi ba, ki sa shi ma ya yi miki irinsa. Ni ban yi wannan dabarar ba.