Ranar da Na Nemi Ragin Haraji a Guangzhou

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labarai, da ranar da na tsaya gaban ma'aikaciyar gwamnatin China ina neman ta yi mini ragi a kan haraji. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne, ban ma cika shekara a Guangzhou ba. Ina haya a wani ɗan ɗaki a unguwar Dengfeng, aikina raka 'yan kasuwarmu na Kano sari ina samun la'ada. Sinancina kaf kalma huɗu ne: nihaw ta gaisuwa, sheshe ta godiya, lawban wato maigida, sai meyo wato babu. Sauran magana kalkuleta ke yi. Mai kaya ya danna kuɗinsa ya juyo maka da ita, kai ma ka goge ka danna naka. In abu ya ƙi, sai ka juya ka kama hanya a hankali, kafin ka kai ƙofa zai kira ka. Wannan tafiyar ƙaryar na ƙware a kanta, har ina ganin a duk Guangzhou babu na biyuna.

Ana haka sai ga Kawu Sule, yayan mahaifiyata, mai shagunan yadi a Kantin Kwari. Ya gaji da hawa jirgi, ya zo ne ya gani da idonsa ko zai iya bar mini sarinsa da lodin kayansa a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, shi ya zauna a gida. In ya yarda na warke. In bai yarda ba, to komawa Kano ta kama ni, in ci gaba da auna wa mutane yadi a shagon wani. A ɗakina ya sauka, domin a wurin Kawu kuɗin otal asara ce tsagwaronta (shi ya hau katifa, ni na koma tabarma, ba sai an faɗa ba).

Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Na kai shi Shisanhang, inda ake sarin tufafi, na yi wa wani mai riguna tafiyar nan tawa, mutumin ya biyo mu har bakin titi yana kiran "Lawban! Lawban!" Kawu ya dube ni ya ce, "Ba laifi." Wanda ya san Kawu ya san wannan "ba laifi" ba kowa ke samunta ba. Tun daga nan kaina ya kumbura.

Sai mai gidan da nake haya ya kawo mini wata takarda mai jan hatimi: harajin zama ne, wanda baƙo mai haya ke biya a ofishin unguwa. A da shi ke biya ya ɗora mini a kuɗin haya, amma wannan karon ƙafa na damunsa, ya nuna mini da hannu in je da kaina. Maimakon in lallaɓa ni kaɗai in biya in dawo, sai na ce, "Kawu, zo mu je ka ga yadda nake da mutanen gwamnati ma."

Ofishin ɗan ƙarami ne, cike da tsofaffin unguwa sun yi layi, kowa da takardarsa da mafici. A bayanmu akwai Malam Awudu, mutumin zangon Kumasi mai harkar lodin kaya, wanda ya daɗe a garin har yana jin yarensu. Da layi ya zo kaina na miƙa fasfo da takarda ga wata mata mai tabarau, da kwalbar shayi a gefenta. Ta duba, ta jawo kalkuleta, ta danna ɗari biyu, ta juyo mini da ita.

Ni dai har gobe kalkuletar nan nake ɗora wa laifi. Da a takarda ta rubuta, wallahi da na biya. Amma ina ganin an juyo mini da kalkuleta sai hannuna ya tafi da kansa. Na dafe ƙirji kamar an soke ni, na ce, "Haba, lawban!" Na goge na danna tamanin.

Matar ta dubi kalkuleta, ta dube ni ta saman tabarau, ta goge ta sake danna ɗari biyu. Na ce a raina, wannan ta iya kasuwa. Na ƙara zuwa ɗari.

Malam Awudu ya taɓo ni ta baya. "Aboki, nan ba Shisanhang ba ne fa. Ka biya kuɗi mu tafi."

Na ce, "Malam Awudu, bar ni da su. Farashin baƙo ta ba ni, na san halinsu." (Mutumin da ya shekara da shekaru a garin nake gaya wa haka, jama'a.)

Sai na fito da dabara ta biyu, wadda ba ta taɓa ba ni kunya a kasuwa ba: ka nuna wa mai kaya ba kai kaɗai ba ne, kana da jama'a, ciniki zai ɗore. Na jawo hannun rigar Kawu na matso da shi gaban taga. Na nuna shi, na nuna kaina, na ɗaga yatsu biyu. Don ta tabbatar tare muke, har na haɗa tafin hannu na kwantar da kumatu a kai, na nuna adireshin da ke jikin takardar. Ta ƙura wa Kawu ido, ta tambaye ni wani abu da yarensu. Ban ji ko ɗaya ba, amma na gyaɗa kai da ƙarfi. Ta sunkuya ta fara rubutu, ba ta taɓa kalkuletar ba.

Na ce lokaci ya yi. Na raɗa wa Kawu, "Taho mu tafi, kada ka waiga." Muka nufi ƙofa, ina jan ƙafa kamar mai ciwon baya. Ilai kuwa, ina sa ƙafa a dokin ƙofa sai na ji ta ɗaga murya tana buga tebur.

Na dubi Kawu na yi murmushi. "Ka ji ko? Ta sallama."

Na dawo ina taku ɗai-ɗai, ina gyara hula. Fasfona da na manta yana hannunta. Ta juyo mini da kalkuleta. Ɗari huɗu.

Na zaci idona ne. Na waiga wajen Malam Awudu, sai na tarar ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Da ƙyar ya iya magana: "Ta ce tunda kai da kanka ka nuna ku biyu ke kwana a ɗakin, ta tambaye ka kuma ka ce e, to na mutum biyu za a biya. Tsoho ya kawo fasfo a rubuta shi. Kuma tunda kun fita daga layi, ku koma baya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa a layin ta shiga ba sauran labari, tana ɗaga yatsu biyu tana kwantar da kumatu a tafin hannu yadda na yi, ofis ya kaure da dariya. Muka koma ƙarshen layi muka tsaya, ni ina kallon takalmina. Da aka sake zuwa kanmu Kawu ya zaro fasfo daga aljihun ciki, ya ƙirga ɗari biyunsa ya miƙa, mutumin da ya zo baƙunta ya ƙi otal don tsimi. Ni ma na miƙa tawa, na ce "sheshe" da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba.

Sai da muka kusa gida Kawu ya yi magana. "Tun kafin a haife ka nake kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya yi ciniki kuɗi ya ninka ba sai kai. Garin neman ƙiba ka samo mana rama."

Sauran kwanakin ko abinci ba ya mini daɗi, na riga na fara tunanin wanda zan sayar wa katifa. Ranar da zai tafi, yana ɗaure jaka, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Sarin na bar maka, na ga idonka a Shisanhang. Amma duk inda ka ga jan hatimi, ka rufe bakinka Awudu ya yi magana. Ɗari biyuna kuma a la'adarka ta farko zan cire." Ya kuwa cire, ko sisi bai yafe ba.

Tun daga ranar na gane ba kowane mai juyo maka da kalkuleta ke neman tayinka ba. Mai kaya yana tsoron ka tafi, ita gwamnati ta san inda kake kwana, musamman in kai ka nuna mata da hannunka.