Najwa Ta Kawo Wa Kakanta Reiki

"Ina kwana, Kaka? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Wa ke nan? Baƙuwa muka yi?"

"Ni ce, Kaka. Najwa."

"Najwar da na sani ba ta durƙusa min. Tashi ki koma ki turo min ita."

Ina kicin ina dama kunu na jiyo wannan gaisuwar, na ce yau akwai kallo. Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Najwa kuwa 'yata ce ta tsakiya, wadda tun tana rarrafe yake ce mata amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba. Daga Abaji muka ɗauko shi, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a fataucin doya, muka kawo shi gidanmu a Jabi ya ga likita. Likita ta gano wani ƙari a cikinsa, ta ce a yi tiyata da wuri, in an yi ana sa ran zai warke sarai. Baba ya ce ba wanda ya isa ya yanka shi. Ya ɗaure jakarsa ya jingine a bakin gado, ya ce da an shiga sabon mako a kai shi tasha ya koma gida. Ɗansa ya yi lallashi har ya gaji. Ni kuma suruka ce, iyakata gaisuwa da kai abinci.

Shekarun nan kuɗi sun shigo Abuja, duk inda ka juya bene ake ɗorawa, kuma duk abin da aka ƙirƙiro a duniya sai wani ya buɗe masa shago a nan. Haka Najwa, in ta huta daga aikin ofis, take zuwa wajen wata Madam Christina a bakin tafki tana koyon Reiki. Wata hanya ce ta kwantar da jiki da aka ce daga Japan ta fito: mai yi ya ɗora tafin hannunsa a kan mutum, ko ya riƙe shi sama kaɗan, a yi shiru. Ita a ganinta in hankalin tsohon ya kwanta, zai yarda a yi aikin.

"Kaka, Reiki na zo in yi maka. Ba zafi, ba allura. Kwanciya kawai za ka yi ka rufe ido."

"In kwanta in rufe ido. To ai kin faɗi abin da gidan nan ke jira."

"Subhanallahi! Ba haka nake nufi ba."

"Me za ki shafa min?"

"Ba komai."

"Me zan sha?"

"Ba komai."

"Hayaƙi fa?"

"Babu. Hannuna kawai."

"Tausa ke nan."

"A'a. Wani wurin in taɓa, wani wurin in riƙe hannun a sama, in bar ɗan tsakani."

"Ikon Allah! Shi ya sa tuwonki ba ya nuna. Ashe a saman tukunya kike riƙe muciya."

Na tsayar da ludayi ina jiran amsa, don a da kafin ya rufe baki ta mayar masa da uku. Sai na ji ta da wata siririyar murya irin ta malamar tasu.

"Haka ne, Kaka."

"Haka ne! Jama'a ku ji min. Na zagi tuwonta ta ce haka ne. To wannan abin naki, borin Japan ne?"

"Ba bori ba ne, da bismilla nake farawa. Madam ta ce akwai wani ƙarfi da ke zagaya jikin mutum, in ya toshe sai jiki ya yi nauyi. Ba ya maye gurbin asibiti, hankali yake kwantarwa."

"Kuma ƙarfin daga wannan hannun zai fito? Hannun da na miƙa wa doya guda a Abaji ya shiga neman ɗan dako?"

"Ba ƙarfina ba ne. Bi kawai yake yi ta hannuna."

"Wato ke wayar lantarki ce. To an ɗauke wuta tun ranar da aka haife ki."

"Kwanta mana, Kaka, don Allah."

"Zan kwanta, don in ga iyakar ƙaryarki."

Na leƙo ta ƙofa. Ya miƙe a gado da hularsa a ka, ya rufe ido ɗaya ya bar ɗaya yana gadi. Najwa ta kunna wani sauti a wayarta, ta murza tafukanta, ta riƙe su a saman goshinsa.

"Wa ya bar famfo a buɗe?"

"Ƙarar ruwa ce a waya. Tana sa natsuwa."

"Tsoho kamata kike kunna wa ƙarar ruwa? To ki shirya raka ni bayi."

"Shhh. Ja numfashi a hankali. Ka fara jin ɗumi?"

"Ina jin warin albasa."

"Ban taɓa albasa ba yau."

"Na sani. Rabonki da albasa tun kina goye. Wanda ya aure ki ya auri yunwa, ni ne dai Allah ya jarrabta."

"Kai da ba ka da haƙoran da za ka..." Ta kama bakinta da sauri. "Yi haƙuri, Kaka."

Idonsa na biyu ya buɗe tar. "Ƙarasa! Haƙoran da zan me?"

"Ba komai. Rufe idonka."

"Na ce ki ƙarasa!"

"Ba a magana in ana Reiki. Shiru ake so."

Ta sauko da hannuwanta saman ƙirjinsa. Ɗakin ya yi tsit, sai ruwan nan da ke ta zuba a waya. Ban taɓa jin su biyun sun yi shiru a ɗaki ɗaya ba, har abin ya yi min wani iri. Can sai Baba ya ture hannunta a hankali, ya tashi zaune. Da ya yi magana, babu wasa a muryarsa.

"Najwa, me likitar nan ta faɗa muku a bayan idona?"

"Abin da ta faɗa maka. In an yi aikin, da yardar Allah za ka tashi."

"Ba gaskiya ba ne. Da gaskiya ne, da kin zage ni. Tun da aka dawo daga asibitin nan ubanki in ya kalle ni sai ya kau da kai. Uwarki ta janye barkono daga miyata. Duk wannan ban damu ba. Amma ke? Ke da kike sace min hula ki ce sai na biya fansa, yau ke ce kike durƙusawa kina min ya ƙarfin jiki da muryar masu zuwa ta'aziyya? Na yi wa mutane da yawa irin wannan gaisuwar, na san wanda ake yi wa ita. In tafiyar ce ta zo, gara ta same ni a ɗakina a Abaji da a yanka ni a banza."

A bakin ƙofar nan tausayinsa ya kama ni. Mu muna ganin lallaɓa shi muke yi, ashe tsorata bawan Allah muke ta yi. Sai Najwa ta kashe wayar, ta miƙe, ta ƙara tamke ɗankwalinta, ta riƙe ƙugu.

"Yahuza!"

Sunan da ni ko a mafarki ba na iya kamawa, ta kwaɗa masa shi har maƙwabta na ji.

"Na'am, amarya."

"Kai ne za ka mutu? Kai? Tun ina firamare nake jiran in ci gumbar mutuwarka. Na gaya wa ƙawayena, na wanke kwano na ajiye, kullum sai ka ɗaga. Yanzu da na fid da rai za ka zo min da wani zance?"

"Ke dai kwaɗayi zai kashe ki kafin ni."

"Ba mutuwa kake tsoro ba, allura kake tsoro. Ranar da aka ɗebi jininka, wa ya riƙe rigar nas yana salati kamar mota ta ƙwace?"

"Ni? Ni da na kwana a dajin hanyar Lokoja da mota cike da doya, 'yan fashi suka haska fuskata suka ba ni haƙuri?"

"Tausayi ka ba su. Cewa suka yi wannan in an taɓa shi zai karye."

"Ƙarya kike! Shugabansu har rakiya ya yi min."

"Don ya tabbatar ka tafi, kar ka dawo ka ishe su da surutu."

"Da ƙuruciyata buhu biyu nake ɗauka, ɗaya a ka, ɗaya a hammata."

"Buhun auduga."

"'Yan matan Abaji layi suke yi su kalle ni."

"Ai ko yanzu in ka fita za a yi layi. Ba kullum ake ganin kunnuwa irin naka ba."

"Kunnuwan da kika gada? Duba madubi, ɗankwali ne ke rufa miki asiri."

"Ni nawa na ado ne. Kuma bari ka ji, ƙarin da ke cikinka ma na san ko mene ne. Rowa ce. Duk tsiren da ka ci a ɓoye ka hana ni, shi ne ya taru ya dunƙule."

Baba ya fashe da dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Wayyo, 'yar banza, za ki fasa min shi tun likita ba ta zo ba!" Rabon da in ji dariyarsa tun ranar da muka dawo daga asibiti. Ita kuwa Najwa bakinta na zagi, idonta na zubar da hawaye, ba ta ko share su ba.

"To mene ne na kuka kuma?" in ji shi.

"Wa ke kuka? Warin tsufanka ne ya shiga min ido."

"Zauna nan." Ta zauna a bakin gadon. "Tsakaninki da Allah, babu abin da aka ɓoye min?"

"Wallahi babu, Kaka. Abin da Dokta Hannah ta faɗa a gabanka, shi ta faɗa a bayanka. Tsoro ne ya kama ni. Na ga in na zage ka, wani abu ya faru, ba zan yafe wa kaina ba."

"Sakarya. Ai shirun naki ne ya kusa kai ni."

"Abu ɗaya kawai ta ƙara da ka fita."

"Me ta ce?"

"Ta ce tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin kai mai tauri irin naka ba. Ta ce da a kai za a yi tiyatar, sai an aro injin fasa dutse daga Mpape."

"Ta faɗi haka? Kyakkyawa ce kuwa likitar nan. In na farfaɗo na gan ta a kaina, na sake ki."

"Ka sake ni yau, in yi walima. Wa ka ga zai karɓi miji da sai an jiƙa masa ƙosai?"

Ya koma ya kwanta da kansa, ya cire hular ya ajiye gefe. "Zo ki ƙarasa abin naki. Malamar taku ta ce dole sai an yi shiru?"

"Haka ta ce."

"Ba ta san mu ba ne. Ki yi da hannu, bakin kuma kar ya tsaya. Kuma ki daina min shawagi a sama kamar shirwa, ɗora hannun sosai in san da mutum."

Ta yi bismilla ta ɗora tafukanta biyu a kan sanƙonsa.

"Kai, wannan kai! Ko gashi ya ga ba zai iya zama da kai ba, ya gudu."

"Ilimi ne ya cinye shi."

"Ilimin kirga doya. Yanzu ka ji ɗumin?"

"Na ji. Amma na masifa ne, ba na Japan ba."

"Ko na mene ne, yana shiga?"

Idanunsa a rufe suke, duka biyun wannan karon. "Yana shiga," ya ce.

Ta ci gaba, daga kai zuwa kafaɗu, tana yi tana lissafa masa laifuffukansa tun daga alawar da ya yi mata alkawari tana 'yar ƙarama. Yana ramawa, amma ramuwar tana ƙara laushi, numfashinsa na daidaita. Ni dai ban san ko ƙarfin da Madam Christina ke faɗa ne ya ratsa shi ba, ko bakin jikarsa ne. Na dai ga kafaɗun da suka yi kwanaki a ɗage sun sauka.

Da ta gama, sai ya shiga murza zoben azurfar da ke yatsansa. Ya daɗe yana fama, don zoben ya zauna, da ƙyar ya fita. Ya kamo hannunta ya danƙa mata.

"Ungo. An ce ba a shiga ɗakin tiyata da zobe."

Najwa ta kalli zoben, ta kalle shi. "Za ka shiga ke nan?"

"Ina da zaɓi ne? In na koma Abaji biyo ni za ki yi da ƙarar famfo. Je ki ce wa ubanki ya kira likitar. Kin ci ni, 'yar banza."

Ta zura zoben a babban yatsanta, ya yi mata yawa, ta dunƙule hannun a kansa. "Ya zama nawa."

"Ajiya na ba ki, ba kyauta ba!"

"To in kana so, ka fito ka zo ka karɓa da ƙafarka."

"Zan fito," in ji Baba yana dariya. "Ni zan bar wa ɓarauniya azurfata?"