Ranar da Surukin Ɗayyabu Ya Nemi Waifai

Duk wanda ya saba bin layin shagunan da ke bayan tashar mota a Malumfashi ya san Ɗayyabu mai buga takardu. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kwamfuta biyu da injin kwafi da wani farin zane da yake ratayawa a bango idan za a ɗauki hoton fasfo. Amma shi a ganinsa ofis yake da shi, kuma idan ka kira shi mai shago sai ya yi kamar da wani kake.

Da aikin intanet ya yawaita, ɗalibai na zuwa rajistar jarrabawa, masu neman aiki na zuwa tura takardu, sai ya ga wayarsa ba za ta iya da wannan nauyi ba. Ya shiga mota ya tafi Kano ya sayo rauta, wato ɗan akwatin nan mai eriya biyu kamar kunnen zomo da ke watsa waifai a ɗaki. Ya kafa masa katako a saman bango, ya shimfiɗa masa ƙyalle, kullum da safe shi yake fara gogewa kafin ya share ƙasa. Kalmar sirrin da ya sa aka ɗora masa kuwa sunan shagon ne, wanda ke rubuce da jan fenti a bisa ƙofa, wai don kada ya manta.

Mutum ɗaya ya faɗa wa, Tanimu mai aski da ke jikin shagonsa, shi ma sai da ya yi masa alkawarin magana ba za ta wuce tsakaninsu ba.

Ba a jima ba sai farin jini ya sauko wa Ɗayyabu. Bencin ƙofar shagonsa, wanda a da akuyar layin ce kawai ke hutawa a ƙarƙashinsa, ya cika maƙil. 'Yan acaɓa suka dawo da tasharsu nan. Mai shayi ya matso da teburinsa. Masu jiran aski suka daina jira a wurin Tanimu. Har wani dillalin hatsi da suka daɗe ba sa ga maciji ya zo da kansa ya ce gaba ba ta da amfani, a yafi juna, ya nemi gefen benci ya zauna.

Ɗayyabu ya ɗauka hirarsa ce ta yi daɗi. Yakan fito ya jingina da ƙofa ya saki labari, mutane su kece da dariya kawunansu a sunkuye, shi kuma ya ƙara wa labarin gishiri. Bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa suke dariya tun bai kai wurin abin dariyar ba. Har ya gaya wa matarsa Luba cewa idan jama'a suka ci gaba da matsa masa haka, zai duba maganar tsayawa takarar kansila. Luba ta dube shi, ta ce ya dai ci tuwonsa kafin ya huce.

Abin ya fashe ne ranar rufe rajistar wata jarrabawa. Wani malamin makaranta ya kawo masa takardun ɗalibansa gaba ɗaya, aikin da Ɗayyabu ya daɗe yana nema. Ya zauna gaban kwamfuta ya gyara hula, sai ɗan zoben nan ya fara juyawa a allo, ya yi ta juyawa ba ya gaba ba ya baya. Malamin ya jira har haƙurinsa ya ƙare, ya tattara takardunsa ya tsallaka titi zuwa shagon wani. Ɗayyabu ya fito ƙofa zuciyarsa na tafasa. Nan wani ɗan acaɓa da bai ma san sunansa ba ya ɗago kai daga kallon ƙwallo, ya ce masa cikin kulawa, yallaɓai yau sabis ɗinka ba kyau, ya kamata ka yi wani abu.

Sai a lokacin ya dubi bencin da kyau. Kowa da waya a hannu, kowa ya karkata ta wajen tagarsa. Ya gane cewa duk tsawon wannan lokaci ba shi ake so ba, akwatin ake so, shi dai mai gadinsa ne.

Washegari ya koma Kano. Mai sayar da na'urorin ya nuna masa wani rauta mai ƙarfi, mai tsaro, wanda ba a shiga sai da izini. Ɗayyabu bai yi ciniki ba. Mutumin ya haɗa masa komai, sannan ya ce saura kalmar sirri, ya zaɓi doguwa, kada ya sa sunansa ko na ɗansa ko na shago, ya nemo wadda ba wanda zai yi zaton ita ce. Ɗayyabu ya tuna fuskokin bencin nan ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan dillalin hatsi.

"Je ka sayi naka," in ji shi.

Mai kayan ya ɗago ya dube shi, ya ce ai duk na cikin shagon nan nasa ne. Ɗayyabu ya ce ba haka yake nufi ba, kalmar ke nan, a rubuta ta a haɗe da ƙananan haruffa. Tun daga yadda fuskar mutumin ta sauya ya san ya samo abin da yake nema.

Tanimu ne ya fara zuwa, da almakashi a hannu, ya ce ya ga kamar an canza makulli, mece ce sabuwar? Ɗayyabu ya faɗa masa a fili, yana murmushi. Tanimu ya ce ashe haka zaman ya koma, ya juya. Mai shayi ya zo, ya samu amsa iri ɗaya, ya mayar da teburinsa inda ya ɗauko shi. Dillalin hatsi ya zo, ya ji, gaba ta dawo sabuwa. Kafin sati ya zagayo benci ya koma hannun akuya.

Ɗayyabu ya ji kansa ya kai inda ba a kaiwa. Abin da ya fi burge shi shi ne bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, bai kuma hana kowa ba. An tambaye shi, ya faɗa. Wanda bai rubuta ba, shi ya so. Idan ba kowa a shagon yakan dubi akwatin yana ƙyafta fitilunsa, ya yi dariya shi kaɗai, yana mamakin yadda Allah ya zuba masa basira haka ya bar shi a bayan tasha.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar shago, wani dattijo ya sauko a hankali yana gyara babbar riga. Alhaji Mamuda ne, mahaifin Luba, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, inda ba a samun sabis sai an hau tudu.

Tsakanin Ɗayyabu da surukinsa akwai kunya mai nauyi. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa kallon idonsa ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, idan ya hango shi a hanya sai ya sauka daga babur. Ya zabura ya cire takalmi a cikin shagonsa, ya durƙusa, ya yi ta jera gaisuwa har ya fara maimaita wadda ya riga ya yi. Ya goge kujerarsa da hannun riga ya miƙa. Tanimu ya leƙo ya gaida baƙo, ya nemi gefe ya tsaya. Mai shayi, da yake baƙon ba ruwansa da rigimar waifai, ya kawo masa kofi guda. Ɗan acaɓan ya zauna a benci yana jira.

Alhaji ya yi bayanin abin da ya kawo shi. An ce duk ɗan fansho ya nuna fuskarsa ta waya don a tabbatar yana raye, kuma yau ce ranar ƙarshe. Wanda bai yi ba za a ɗauka ya rasu, a tsayar da haƙƙinsa. Ya gwada a kan tudu abin ya ƙi. To yarinyar nan, haka yake kiran Luba da yake 'yar fari ce, ta gaya masa mijinta yana da waifai mai ƙarfi. Ya ciro tabarau ya sa, ya buɗe wayarsa, ya lalubo sunan shagon da kansa.

"To, Malam Ɗayyabu, mece ce kalmar?"

Ɗayyabu ya dubi akwatin, ya dubi ƙasa. Ya ce cikin ladabi, Baba ya kawo wayar ya sa masa, don kada ya wahala. Alhaji ya girgiza kai, ya tuna masa cewa shi da bakinsa ya yi masa nasiha da sallar da ta wuce, kada ya ƙara miƙa wa kowa wayarsa ko ɗan cikinsa ne, saboda 'yan damfara, kuma tun daga ranar yake riƙe da wannan magana. Ɗayyabu ya tuna, har da yadda ya ɗaga yatsa lokacin da yake faɗa.

Ya ce ko ya aika a sayo masa data. Alhaji ya ce almubazzaranci ne, ga abu nan a bango yana ta ƙyafta ido. Ya yi tunanin rubuta masa a takarda, sai ya ga hakan ya fi muni, ka miƙa wa surukinka rashin kunya a rubuce da hannunka. Ya yi tunanin canza kalmar, sai ya tuna ba shi ya ɗora ta ba, bai san ta inda ake shiga ba. Ya fita waje ya kira mai kayan a Kano, waya a kashe. Ya dawo yana addu'ar a ɗauke wuta, wutar da ke tafiya ba sallama kullum, ranar ta zauna daram.

Alhaji ya kurɓi shayi ya dubi agogo, ya ce yana so ya gama kafin azahar.

Dabara ɗaya ta rage. Ɗayyabu ya durƙusa gefen kujera, ya rage murya, ya fara kiran haruffan ɗaya-ɗaya da sunayensu na Turanci, yana barin tazara a tsakani, ko Allah zai sa su ɓad da kama. Abin da bai sani ba shi ne dattijon ya danna ɗan idon nan da ke bayyana abin da ake rubutawa, kuma shi ɗan tsohuwar elemantare ne, ba ya rubuta abu bai karanta shi a fili ba.

"Je ka," in ji Alhaji, yana duban allo.

Ɗayyabu ya ƙara haruffa biyu.

"Je ka sa."

Da zai yiwu a tsaya nan da ya yi sadaka da rago. Tanimu, wanda ya fara shirin komawa bakin aikinsa, ya fasa. Mai shayi da ya zo ɗaukar kofi ya tsaya da hannu a miƙe. Ɗayyabu ya runtse ido ya saki biyu na gaba.

"Je ka sayi."

Daga nan Ɗayyabu ya kasa kiran sauran haruffan. Alhaji ya jira kaɗan, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce ya bar shi haka, yana jin ragowar ya san ta. Ya danna haruffa huɗun da kansa, a nutse. Wayar ta yi ɗan ƙara, waifai ya kama.

"Wato dama ita ce," in ji Tanimu a hankali, kamar mai magana da kansa.

Hannaye suka fara shiga aljihu. Tanimu ya juya baya yana danne-danne, mai shayi ya ajiye kofi, ɗan acaɓan da ke benci ya miƙa wa na kusa da shi labari, na kusa ya miƙa gaba. Ɗayyabu yana durƙushe yana kallon watanninsa na basira suna bin layi shago-shago.

Alhaji bai kula kowa ba. Ya ɗaga wayar daidai fuskarsa, ya ƙyafta ido da aka ce ya ƙyafta, ya juya dama ya juya hagu. Da zoben ya fara juyawa saboda yawan waɗanda suka afko, ya ɗago ya yi wa mutanen ƙofa kallo ɗaya, kowa ya mayar da wayarsa aljihu na ɗan lokaci. Saƙo ya shigo cewa an tabbatar yana raye. A shagon nan dai mutum ɗaya aka ba wannan shaida, kuma ko an gwada Ɗayyabu a lokacin ba lalle ya samu ba.

Ya fara ba da haƙuri kansa a ƙasa, magana na karo da magana. Ya ce wallahi ba da Baba yake ba, mutane ne suka dame shi, mai kayan ne ya ce a zaɓi doguwa, harkar tsaro ce kawai, gobe goben nan zai je a canza. Alhaji ya saurare shi har ya ƙare, ya naɗe tabarau ya sa a aljihu, ya miƙe ya gyara riga. Ya sa masa albarka, ya ce a gaida yara. Da ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban akwatin a kan katakonsa, sannan ya juyo.

"Allah ya taimake ka, Malam Ɗayyabu. Lokacin da ka zo neman yarinyar nan ba a fara sayar da irin wannan makullin ba, da ni ma na sayi nawa."