Yadda Na Sayar da Gadar Ƙaguwa da Albasa

Jama'a, ranar Asabar na fita ceto bakin tekunmu, na dawo gida da maiƙo a gemu.

Wai za a rufe tsohuwar gadar katakon da nake kamun ƙaguwa a kanta tun ina saurayi, don nan jiragen ƙarƙashin teku masu injin nukiliya za su riƙa hutawa. Jiragen ko ƙusa ba a buga musu ba, amma shingen waya har ya iso. Aka kira mu taron jin ra'ayi a filin ƙwallo, na ci alwashin sai na girgiza wurin.

Matata Raelene ta ce, "Merv, kai da karen maƙwabta ma ba ka iya tsawatarwa?"

A wurin taron, wakilin gwamnati, Mai Girma Sarkin Kwantar da Hankali, ya miƙe cikin kwat mai sheƙi. Ya ce ba makami ba ne, inji ne kawai. E, in ji shi, makamashin irin na haɗa bam ne, amma a rufe yake ruf, kuma mun yi wa duniya alkawari ba za mu taɓa buɗewa ba.

Maƙwabcina Des ya zungure ni. "Abokina, haka na rantse wa likita a kan giyar da ke firjina."

Wata ta tambayi Mai Girma inda za a kai sharar nukiliyar. Ya ce ana nazari. Allah ya ƙara wa nazari lafiya, ya girme ni.

To, kun san halinmu, ba ma taro sai an gasa sosej, naman nan da ake ɗurawa a hanji, an naɗe a yankan burodi. Su kuma bayin Allah masu shirya taron sun kafa murhun daidai inda iska ke kaɗowa. Na ce bari in ɗan taɓa, jawabi ba ya daɗi da yunwa. Ina cikin layi mai gasa naman ta ƙwala, "Wa ke son albasa?" Na ɗaga hannu biyu, ɗaya nawa ɗaya na Des. Ashe a daidai lokacin Mai Girma ya ce masu goyon bayan rufe gadar su ɗaga hannu. Rabin gari muna layin nan.

Har nuna ni ya yi, ya ce ga dattijo mai kishin ƙasa. Aka tafa mini. Ni kuwa, don kunya, na rusuna.

Wallahi raina ya ɓaci, don Litinin za a sa wa gadar kwaɗo. Albasar ma kafin layi ya zo kaina ta ƙare.